Wa Zai Ce wa Masunci Bari?

A cikin duk abin da Allah Ya hore wa ɗan Adam ya ci, babu wanda shari'a ta sakar mana mara a kansa kamar kifi. Rago sai an yanka shi, an ambaci sunan Allah, an tsinke maƙogwaro da jijiyoyin wuya. Barewa sai maharbi ya yi niyya, ya yi bisimilla lokacin sakin kibiya, in kuma ya riske ta da sauran rai wajibi ne ya sa wuƙa. Kifi kuwa ba yanka ba sharaɗi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, ko mushensa ka tsinta ruwa ya turo gaɓa halal ne, ko wanda bai taɓa kallon gabas ba ne ya kamo shi halal ne. Alhajin da ke cikin harami, wanda aka hana shi farautar ko da zomo, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta bar masa abin ruwa ya kama ya ci.

Ina karantar da wannan babi cikin Risala a wata Islamiyya a nan Suleja, kuma ɗalibai suna son sa domin ba ya da wuyar hadda. Wuyarsa tana bakin ruwa. In har kifi ya kai wannan matsayi na halacci, da wane baki wani mutum, sarki ne ko gwamna ko ma'aikaci mai kaki, zai tsaya a gaɓa ya ce wa masunci kada ya jefa taru a nan, ko kada ya jefa a wannan wata?

Kawuna ne ya ɗora mini wannan tambaya, ƙanen mahaifiyata, Basarke. Iyayensu sun gangaro daga ƙasar Yawuri suna bin kifi har suka kafa bukkoki cikin Nufawa a fadamar da ke kudu da Bida, kusa da Muregi, inda kogin Kaduna yake zuba a Kwara, Pategi na tsallake. Mu a Suleja ruwanmu bai wuce Iku da 'yan rafuka ba, sai Gurara in an matsa gaba. Kifin da ke miyarmu daga ruwan wasu yake zuwa: banda a cikin kwalaye daga ƙasar Nufe da Kainji, tarwaɗar kiwo daga tankunan siminti, sai na ƙanƙara daga teku. Saboda haka wanda bai bi hanyar Lambata, Lapai, Agaie ya sauka Bida ya gangara ba, ba zai gane abin da ake nufi da fadama ba. Da rani za ka ga fili ne kawai, ciyawa da shanun Fulani da kududdufai nan da can. Da ruwa ya cika a Agusta da Satumba, kogi ya haura gaɓa ya shimfiɗu, wurin da ka taka da ƙafa sai kwalekwale. A cikin wannan ciyawa da ruwa ya rufe ne tarwaɗa da karfasa da bargi suke shiga su yi ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya. In ruwa ya fara janyewa, manya da ƙanana su biyo mashigai su koma kogi, waɗansu su maƙale a tafkuna, gaiwa ta nutse cikin laka ta jira wata damina. Shinkafa tana bin ruwan da ya janye, shanu suna bin shinkafar da aka yanke, tsuntsu yana bin kowa.

A shekarar 2008 aka sa wannan fadama, hekta 229,054 tsakanin jihohin Neja da Kwara, cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 take karewa. Kawu bai ji labari ba sai da na gaya masa, kuma bai ga abin da ya shafe shi ba. Abin da ya sani shi ne akwai mutanen da kan zo lokaci-lokaci su duba idon taru, su ce ya yi ƙanƙanta, su kwashe, wani lokaci kuma a yi magana a mayar masa. Ya ce mini: "Ɗana, kai ne malami. Ruwan nan gadon ubana ne ko na ubansu? Ba na kowa ba ne, na Allah ne. Kifin ciki ni na shuka shi? Su suka shuka shi? To in Mai abu Ya ce a ci, bara ya ce kada a ci, wa zan bi?"

Ban raina wannan magana ba, kuma ina shawartar duk mai digirin muhalli kada ya raina ta. Tana da gindi. Alƙur'ani ya yi kashedi mai zafi, a Ma'ida da kuma Nahli, ga mutanen da ke haramta abin da Allah Ya halatta da harsunansu. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sa ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Malaman fiƙihu sun ce abin da ba mai shi, wanda ya riga kai hannu shi ke da shi. Sannan ga tarihi. Dokokin daji da muka gada, har da dokar namun jeji ta Jihar Arewa ta 1963, sun fito ne daga tsatson dokokin Turawa, waɗanda suka mai da maharbin gargajiya ɓarawo a dajin kakanninsa, alhali mai kuɗin yankar lasisi yana harbi da rana tsaka. Talaka bai manta ba. In ya ji an ce gandun daji, abin da ke zuwa masa shi ne shinge da tara.

Duk da haka amsar da na ba kawu ita ce bara yana iya cewa bari, ba tare da ya haramta halal ba. Haramtawa ita ce ka ce cin kifi zunubi ne a wurin Allah. Wanda ya ce a ɗaga wa wannan tafki ƙafa har wata uku bai taɓa hukuncin kifi ba, ya tsara yadda masu tarayya za su ɗebi abin tarayyarsu ne. Kuma wannan tsari yana da asali tun Madina. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe kwarin Naƙi'u ya zama hurumin dawakan Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza da Sharaf. Hadisin da Buhari ya kawo, mai taƙaita hurumi ga Allah da ManzonSa, malamai sun fahimce shi a kan cewa an rushe irin hurumin jahiliyya ne, wanda mai ƙarfi ke killace makiyaya don garkensa, aka bar wanda shugaba zai yi don amfanin jama'a. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi a kan hukuncin filaye, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin raya mataccen fili da hurumi. Ba Bature ne ya kawo mana wannan ba.

Sarkawa da Kabawa sun fi ni sani. A Argungu, mashigin Matan Fada rufe yake duk shekara, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Shi ya sa a ranar biki mutum ke shiga da gora da homa ya fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗauka. Bikin a sigarsa ta yanzu ya faro a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma rufe ruwa da buɗe shi a hannun Sarkin Ruwa ya girmi bikin. Da na kawo wa kawu wannan misali sai ya yi dariya ya ce ai shi ma ubansa ba ya shiga wani tafki sai an yi shela. Wato bai ƙi hani ba. Mai hanin ne bai yarda da shi ba.

Akwai wani abu kuma da na daɗe ina juyawa. Allah da kanSa Ya sa wa wannan al'umma horo a kan janye hannu daga abin da ya zo kusa. A Ma'ida, kafin a zo kan halatta abin ruwa, an gaya wa muminai za a jarrabe su da abin farauta da hannuwansu da masunsu za su iya kaiwa gare shi. A Makka ba a firgita tsuntsu, ba a sare itace, shekara da shekaru. A A'arafi an ba da labarin mutanen wani gari na bakin teku da kifi ke fito musu fili ranar da aka hana su kamu, ya ɓace sauran ranaku. Duk masunci ya san wannan hali na kifi, inda aka bar shi nan yake taruwa, saboda haka wurin da aka rufe shi ne ya fi kowane cika ido. Addinin da ya gina wannan a cikin aikin hajji ba zai rasa wurin ajiye tafkin da aka rufe ba.

Sai dai hurumi yana da sharaɗi, kuma a kan sharaɗin ne nake komawa bayan kawu. Imamu Malik a Muwaɗɗa, da Buhari, sun kawo wasiyyar da Umar ya yi wa 'yantaccen bawansa Hunayyu ranar da ya naɗa shi mai gadin hurumi. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan a bar su su shiga. Dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan kuwa a tsare su waje, domin su in garkensu ya halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa ya mutu zai kwaso 'ya'yansa ne ya zo ƙofar Sarkin Musulmi, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. Bai tsaya nan ba. Ya yarda cewa mutanen wurin suna ganin ya zalunce su, ya kuma ce ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi kafin Musulunci, a kanta suka musulunta, ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba da bai killace ko taƙi ɗaya ba.

Ka duba wa aka hana. Sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ɗaya ma shi ne zai gaji Umar. Ka duba kuma yadda mai mulkin yake magana, kamar wanda ya ci bashi, yana jin nauyin mutanen da ya taɓa. Hurumin da aka kafa da wannan zuciya daban yake da wanda aka zana a taswira a ofis.

To a fadamominmu wane ne mai babban garke? Mu je Hadejiya da Nguru, inda labarin ya fi fitowa fili. Can ne Najeriya ta fara sa wuri a jerin Ramsar, tafkin Nguru da mashigin Marma, a 2000. Can ne Dagona take, kusa da Gashuwa, mafakar tsuntsayen ruwa da Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989, wadda ta shiga cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi a 1991. A Dagona an hana su, an hana harbi, an hana kiwo. Amma abin da ya fi rage kifi da tsuntsu a wannan fadama yana can sama, ɗaruruwan kilomita daga taru mafi kusa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga fari na shekarun 1970 da 1980 ya haɗu da su. Ambaliyar da a da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 ta koma ƙasa da rabin haka a shekaru da yawa. Ruwan da aka riƙa saki ba bisa lokacinsa ba ya hana mashigai bushewa da rani, kacalla ta samu wurin zama ta toshe su, jan baki ya samu maɓoya a cikinta yana cinye shinkafa da gero. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna amfanin ruwan in an bar shi ya malala fadama da amfaninsa a aikin noman rani na Kano, suka samu na fadama ya ninka sau da yawa. Madatsun suna nan. Mai koma ne ake kamawa.

A jiharmu lissafin bai canza ba. Kainji tun 1968, wadda ta nutsar da tsohuwar Bussa ta tayar da mutum fiye da 40,000, sai Jebba a ƙasanta, sai Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990, yanzu ga Zungeru. Duk suna sama da fadamar kawu. Kifi yana karanta cikar ruwa ne ya san lokacin ƙwai. In aka riƙe ruwan a lokacin da ya kamata ya hau, aka sake shi gaba ɗaya a lokacin da shinkafa ta yi ciki, an cuci kifi an cuci manomi a tashi ɗaya. Ba ina cewa a fasa madatsa ba ne, ni ma da wutarta nake duba littafi in ta samu. Ina cewa ne wanda ke riƙe da ƙofar ruwa shi ne ɗan Aufu na wannan hurumi, shi da mai jirgin inji da taru mai tsawon unguwa, da dillalin da ke ba masunta bashin kaya don ya cika motar da za ta sauke a Suleja da Abuja. In hani bai fara ta kansu ba, kawu yana da gaskiya ya kira shi zalunci, kuma ƙa'idar fiƙihu tana bayansa, domin ikon shugaba a kan talakawa ɗaure yake da maslaharsu.

Wannan bai wanke kawu da abokan sana'arsa ba. Na ga abin da ake yi. Kakanninsu suna zuba magimfa a ƙaramin kududdufi, kifi ya bugu ya taso, ruwan ya warke. Yanzu gamalin ake zubawa, maganin ƙwarin gona, ya kashe babba da ƙarami da kwaɗo da abin da ba a ci, mutanen ƙasa su sha ruwan, mu a gari mu ci bandar. Dokar su ta ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, amma ba sai an je ga dokar ba, hadisi na 32 cikin Arba'una, mai hana cuta da cutarwa, ya isa. Gidan sauron da aka raba wa mata masu ciki ya zama taru, yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ana datse mashigi baki da baki lokacin janyewar ruwa har ba abin da ke komawa kogi. Manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo ba ya cewa tawakkali ya yi, kuma wannan shi ne abin da mai gidan sauro yake yi wa kansa da maƙwabcinsa.

Amsar da ake bayarwa kullum ita ce arzikin Allah ba ya ƙarewa. Gaskiya ne, taskar Allah ba ta ƙarewa. Amma ba a yi wa wani tafki alkawari ba. Kawu da bakinsa yake ba da labarin yaunin da ubansa ke kamawa, wanda sai mutum biyu, yake kuma cewa rabon da ya ga irinsa har ya manta. Arziki bai ƙare ba, ya bar wurin ne. Suratu Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannuwan mutane suka aikata, ba ta ce abin ba zai yiwu ba.

Farauta ta fi sauƙin hukunci a littafi. Risala ta raba ta biyu, wadda ake yi don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal. Nasa'i ya ruwaito cewa ko ɗan tsuntsu aka kashe a banza zai kai ƙara ranar tsayuwa. Mutumin da ya harbi dinya ɗaya da bindigar toka don gidansa su ga nama yana cikin halal, mai zuba hatsi da guba a bakin tafki ya kwashi agwagi buhu-buhu don kasuwa ya fita. Abin mamaki shi ne a Amurka masu farautar nishaɗi, waɗanda fiƙihunmu ya fi ƙyama, suna cikin manyan masu biyan kuɗin dausayi. Tun 1934 duk baligin da zai harbi agwagwar ruwa sai ya sayi kan sarki na musamman, kusan duk kuɗin kuma yana tafiya wajen saye da tsare dausayi. A mafakar da aka kafa a 1924 a fadamar kogin Misisifi ta sama, mai tsawon kusan kilomita 420, ana su, ana harbi, ana kallo, sai dai akwai sassan da ake rufewa lokacin ƙaurar tsuntsaye don su huta. Niyyarsu tsakaninsu da Allah, amma tsarin ya fi kama da na Sarkin Ruwa fiye da namu na kaki. Ita kanta yarjejeniyar Ramsar ba ta ce a kori mutane ba, amfani cikin hikima ta nema.

Saura mai kallo. Shi ne ya fi ba kawu dariya: mutum ya biya kuɗin jirgin sama, ya rataya madubin hangen nesa, ya tsuguna cikin sauro tun asuba, ya ga tsuntsu, ya rubuta a takarda, ya tafi bai ci ba bai sayar ba. Kawu ya ce aikin ƙoshi ne. Ban musa ba. Amma Alƙur'ani ya yi umarni da irin wannan kallo, a Nahli da Mulku an ja hankalinmu ga tsuntsaye a sararin sama da Wanda ke riƙe da su, a An'am kuma an kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. In al'umma ce, tana da wata daraja da ba ta rataya a kan tukunyarmu ba. Ƙananan agwagin da ke sauka a fadamominmu daga Oktoba su tashi a Maris sun ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai da Rasha, wani lokaci maharbi kan tsinci zobe mai lamba a ƙafar wanda ya harbo. Baƙi ne masu wucewa, kuma Bahaushe ya san ladabin baƙo tun kafin a zo da madubi. Shamuwa tana zuwa da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, yaron da ya fi kowa ƙiriniya da danƙo ba ya harbinta. Ba doka, ba mai gadi.

Kallon ma yana iya zama ci. Gauraka, mai tukkun zinariya, a da garke-garke ake ganin ta a fadamun Arewa. Yau da wuya ka same ta a dajin Najeriya. Lalacewar fadama ta taimaka, amma wani babban dalili shi ne masu hali suna son ganin ta tana taku a tsakar gidansu, aka yi ta kamawa ana sayarwa, a gidan kuma ba kasafai take haihuwa ba. Waɗanda suka ƙarar da ita ba yunwa suke ji ba, sha'awa ce. Shi ya sa ba na yarda da rabon da ake yi, wai mai kallo tsarkakakke, mai kamu mai laifi. Kawu ya san kukan kirinjijiya da dare, ya san watan da zalɓe ke sauya matsaya, ya san ruwa zai hau daga yadda kurungu ke motsi. Da za a ɗauki mai gadin tafki bisa sani, shi da irinsa za a fara nema.

Abin da ya fi damuna shi ne me zai tsare wuri in tsoro ya tafi. Dattawan Suleja suna ba da labarin kurmin da ya kewaye Dutsen Zuma a da, wanda ba mai shiga da gatari saboda abin da ake faɗa yana ciki. Ilimi ya zo, wa'azi ya zo, titin Kaduna ya zo, tsoron ya tafi, itatuwan ma suka bi shi. Haka aka yi a tafkuna da yawa. Rufe ruwa a gargajiyance cakuɗe yake da yanka da kiran iskoki, malamai suka yaƙi wannan, kuma sun yi daidai. Sai dai da aka zubar da tsafin an haɗa da hanin, ba mu zauna mun ce wa mutane rufewar kanta tana da hujja a Muwaɗɗa ba. A tsibirin Misali na ƙasar Tanzaniya, kusa da Pemba, masunta sun daɗe suna kamu da nakiya duk da hanin gwamnati. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai suna Fazlun Khalid da ƙungiyarsa suka zauna da limamai da malaman makarantun allo na wurin a kan ayoyin amana da halifanci, kuma rahotanni sun nuna masunta da yawa sun bari. Ni dai ban taɓa jin huɗubar Juma'a a kan idon taru ba, ko a garuruwan da rabin masallacin masunta ne.

Akwai wuri ɗaya da ni da kawu muka kasa haɗuwa, shi ne ayu. A fiƙihunmu dabbar ruwa ce, halal ce ba gardama. Ga Basarke kuma kamun ayu shi ne ƙololuwar sana'a, naman ya ciyar da zango, man ya sayi taru na shekara. Amma ayu ɗa guda take haifa bayan ciki na kusan shekara, sannan ta ɗauki shekaru kafin wani. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta hana kamunta baki ɗaya. A nan ba zan iya cewa a bar mai ƙaramin garke ya shiga ba, domin ko talakawa kaɗai aka bari za su ƙarar da ita. Abin da ya rage daga wasiyyar Umar a irin wannan hali shi ne ɗaya ɓangaren lissafinsa: in ka hana talaka ciyawa, ka shirya zinariya da azurfa. Wanda aka ce ya saki ayun da ta faɗa tarunsa ta yayyaga shi, a biya shi tarun, daga kuɗin masu zuwa kallo ko daga asusun da aka kafa don al'ummomin da madatsun wuta suka shafa. Kawu ya ce in an fara biya a aiko masa, kafin nan kuma in je in yi wa masu sayar da man ayu a kasuwar Suleja wa'azi, tunda sun fi kusa da makarantarmu.